Maganar da Babu a Fim Ɗin

"Sake kunna mata," in ji Malam Felix. "Wataƙila ba ta gane muryarta ba."

Jemimah tana tsaye a bakin ƙofar falo, takalminta ɗaya a hannu, ɗayan har yanzu a ƙafa. Dawowarta ke nan daga Sabon Gari. Mahaifinta yana kan kujerarsa ta kullum. Gwaggo Sarah, ƙanwarsa, ta taso tun daga Shika, ta naɗe hannu a ƙirji. A gefe kuma ga Japheth, shugaban mawaƙan cocinsu, ya riƙe waya da hannu biyu kamar an ba shi tiren baikon coci.

Ya danna.

Muryar mace ta fito a hankali, tana rawa.

"Ka zo ka ɗauke ni... ko ina ne mu tafi. Tun da Mama ta rasu gidanmu ya koma kabari. Ni da Baba muna ciki muna gadi."

Sai muryar namiji. "Ba za ki yi da-na-sani ba?"

"Zaman da nake yi shi ne da-na-sanin."

Japheth ya kashe wayar, ya sunkuyar da kai irin na wanda abu ya dama. Ya iya wannan sunkuyawar. Ya daɗe yana gwada ta a gaban ikilisiya.

"Muryar wa ce ta farkon?" in ji Malam Felix.

"Tawa ce, Baba."

"Ta biyun fa?"

"Ebube."

Gwaggo Sarah ta tafa hannu. "Yaron nan Ibo mai fim. Ban faɗa ba?"

"Baba, fim ne. Wanda muka fassara ne, kashi na ɗaya. An yanke hoton ne aka bar..."

"Wani ne ya turo min, Baba," Japheth ya katse ta a tausashe. "Sai da na yi addu'a sosai kafin in kawo."

"Allah ya saka," in ji Malam Felix, bai ko dube shi ba. Idonsa yana kan 'yarsa. "Mutanen yaron sun aiko cewa za su zo gaisuwa ranar Asabar. Ki gaya musu kada su ɓata man motarsu."

"Baba..."

"Mai gadi ya yi magana. Shiga ciki."

*

Fim ne kuwa.

Jemimah ta gama jami'a tana jiran a tura ta bautar ƙasa, sai ta ji ana neman mai murya a Sabon Gari. Ebube haifaffen unguwar ne, Hausarsa ta fi ta wasu masu alfahari da ita. Ya duba ya ga manyan masu fassara sun riga sun cinye fina-finan Indiya, sai ya kama wani lungu da babu kowa: fina-finan samari da 'yan matan Turawa masu wasa da lokaci. Yara su tsinci wani inji a ɗakin shirgin kakansu, su danna, su koma jiya. Su gyara abu ɗaya, biyu su lalace. Su sake komawa. Daga ƙarshe su gane abin da kowace tsohuwa a Dogarawa za ta gaya musu kyauta.

'Yan sakandare kuwa har layi suke yi wurin masu tura fim a waya.

Ebube yana da doka ɗaya a wurin aiki. Ba a bin rubutun Turancin da ke ƙasan hoto. Na farko, rubutun a karye yake zuwa, kamar wanda ya yi shi ma lalube yake. Na biyu, babu yaron da zai miƙa wayarsa a tura masa bayanin batir da ƙusa. Fuskar ɗan wasa ake kallo, da bakinsa, sai a cika bakin da Hausar da ta yi daidai da tsawon motsinsa. In an gama, a rufe rubutun da baƙin layi.

Shi ke yin muryar samari da tsofaffi da miyagu. Ita ke yin ta 'yan mata. Ɗakin ɗaukar murya bai wuce akwatin kaya ba, makirfon ɗaya, an sa masa safa. Ebube ya ce mata yana son ta a fina-finai da yawa, da bakin samari masu jan gashi, ko gezau. Ranar da ya faɗa da bakinsa, sai da ya yi in-ina har ta tausaya masa.

"A sake ɗauka," ta ce masa.

Ya sake. Ta amince.

A Samaru kuma akwai gidansu. Tun da Mama Clementina ta rasu, silifas ɗinta suna nan a ƙofar ɗaki, Jemimah tana sharar kewayensu. Zanenta na Zumuntar Mata yana rataye a bayan ƙofa. Kalandar cocin da ke bango ta shekarar rasuwar ce. Tukunyar da take miyar yakuwa a ciki ba a ɗora ta a wuta. Malam Felix bai taɓa cewa kada a taɓa komai ba. Ba ya bukatar faɗi. Ya yi ritaya daga koyar da adabi, ya zauna da littattafansa, yana amsa gaisuwa da kalma ɗaya.

Japheth bai burge shi ba. Amma Japheth a bayan layinsu yake haya. Duk wadda ta aure shi, katanga kawai za ta tsallaka.

*

Washegari ta hau benen da ke saman shagon mahaifiyar Ebube, ta same shi yana gyara kwalayen ƙwan da suka lulluɓe bangon.

Ya saurare ta har ta gama. Sannan ya yi dariya, ba ta jin daɗi ba.

"Wato shugaban mawaƙa ya biya a tura masa fim ɗinmu. To mun yi kwastoma."

"Ebube, ba wasa ba ne."

"Na sani, Jemi. Zo ki zauna." Ya ja mata kujera. "Abin ai mai sauƙi ne. Mu nuna wa Baba fim ɗin. Ya ga yarinyar, ya ga bakinta yana tafiya da maganar. Shi ke nan."

Ta kama murza bakin ɗankwalinta.

"Mene ne?"

"In za ka nuna masa... ka nuna masa wanda aka gama. Mai baƙin layi."

Ya dube ta. Ya tuna ranar da aka ɗauki wurin. Sau ɗaya ta yi shi, ba a sake ba, ta fito daga ɗakin tana cewa safar makirfon ce ke sa ta hawaye.

"Na gane," ya ce a hankali.

"Ban yi niyya ba. Bakin yarinyar ya buɗe, na buɗe nawa, abin ya fito."

"Shi ya sa wurin ya fi ko'ina kyau a fim ɗin."

"Kai dai fim."

"Ni dai ke." Ya riƙo yatsunta. "Masoyiyata, in kin ce in jira, zan jira. In Baba ya ce sai na koyi miyar yakuwa, zan koya. Abu ɗaya ne ba zan yi ba. Ba zan zo in ɗauke ki ta bayan gida ba, ko da yarinyar cikin fim ta roƙa."

"Da ka zo ma ba zan bi ka ba."

"Na sani. Shi ya sa na yi saurin faɗi, in samu lada."

Ta yi dariya, hawayen da ta riƙe tun daga Samaru suka biyo dariyar.

*

Ba su kai ga zuwa Samaru da fim ɗin ba. Malam Felix ne ya riga su.

Da safen ranar Alhamis ya fito da rigarsa ta zuwa coci da sandarsa. Gwaggo Sarah, wadda ta ƙi komawa Shika sai ta ga ƙarshen magana, ta tare shi a tsakar gida.

"Yaya, ina kuma za ka?"

"Kallon fim."

"Bayan abin da ka ji da kunnenka?"

"Sarah, duk shekarun da na yi ina koyarwa ban taɓa ba yaro sifiri ban karanta takardarsa ba. Ina ba su sifirin. Amma sai na karanta."

Ya aika wa Japheth ya zo ya kai shi a motarsa. Japheth ya aiko da haƙuri, wai suna da gwajin waƙa.

"Da safen Alhamis," in ji Malam Felix. "Mawaƙan namu sun ƙara himma."

Ya dubi Jemimah. "Wuce mu je. Ke kika san hanya."

Suka hau bas har Kwangila. Daga nan suka shiga keke. Da suka isa, mahaifiyar Ebube tana zaune a gaban shagonta na kayan lantarki. Ta riga ta ji saƙon man mota. Ta miƙe, ta gyara ɗaurin zane.

"Sannu da zuwa, Malam. Mu aka ce kada mu zo, kai kuma ga ka."

"Ni a bas na zo, Madam. Ban ɓata man kowa ba."

Ta so ta ci gaba da fushi, amma bakinta ya ci amanarta. Ta nuna masa matakala. "A hankali. Na ukun yana motsi."

Ebube ya durƙusa ya gaishe shi. Malam Felix ya amsa, yana kallon kwalayen ƙwai a bango.

"Kaji ne suka gina maka ofis?"

"Suna hana amsa-kuwwa, Baba."

"To. Nuna min."

Ebube ya kunna wanda aka gama. Ga wata ƙasa mai ƙanƙara. Ga yarinya mai jan gashi zaune kusa da wani inji mai kama da tsohon firij, tana kuka, tana magana da wani saurayi. Bakinta ya buɗe, muryar Jemimah ta fito. Kowace kalma ta zauna a kan leɓen yarinyar, har inda ta haɗiye yawu.

Malam Felix ya kalli wurin har ƙarshe.

"Fim ne," ya ce.

Jemimah ta saki numfashi.

"Wannan baƙin layin na ƙasa fa? Me ya rufe?"

Malam Felix ya nuna layin da sandarsa.

"Yaro, ni malamin makaranta ne. In na ga an shafe wuri a takarda, can nake fara dubawa. Kana da wanda ba a rufe ba?"

Ebube ya dubi Jemimah. Ta rufe ido, ta ɗaga masa kai.

Ya buɗe ɗanyen. Yarinyar ta sake yin kuka, wannan karon da harshensu. Malam Felix ya gyara tabarau, ya matso, ya karanta rubutun Turancin, yana juya shi da Hausa a fili kamar yana gaban aji.

"Batirin injin ya ƙare. Ka zo da wani. Na kakana ya fi ƙarfi, amma ya kulle ɗakin." Ya dakata. "Saurayin ya ce, kin duba a mota? Ta ce, na duba."

Fankar sama tana ta juyawa.

"Ina uwar yarinyar?" ya tambaya.

"Tana... tana nan da ranta, Baba," in ji Ebube. "Tana fitowa a gaba."

"Kabarin fa?"

"Babu."

"To wa ya rubuta?"

"Ba a rubutawa, Baba. Baki ake kallo, sai mutum ya faɗi abin da ya zo masa."

"Abin da ya zo masa," Malam Felix ya maimaita.

Jemimah ta zube a gabansa. "Baba, ka yi haƙuri. Ban taɓa shirin gudu ba, Allah ya sani. Amma sauran... sauran nawa ne."

Bai ce ta tashi ba. Bai ce ta yi shiru ba. Yana kallon yarinyar mai jan gashi da hoton ya tsaya a kanta, baki a buɗe.

"Baba," in ji Ebube, "ana iya gyarawa. Mu koma wurin, mu goge, ta sake faɗin wani abu. In fitar da sabo, in karɓe tsohon daga hannun masu turawa."

"Ku koma baya ku goge."

"E, Baba."

"Ka kalli fina-finan nan da yawa, yaro. Sun shige ka." Ya cire tabarau yana goge su da bakin riga. "Yara ne kaɗai ke zaton in sun koma jiya za su fi yadda suka yi. Da a ce injin nan naku yana aiki, ka mayar da ni ranar da muka kai uwarta asibiti, ka san me zan yi? Zan sake yi mata faɗa a kan ta manta katinta a gida. Na san kaina." Ya mayar da tabarau. "Bar shi yadda yake. Shi kaɗai ne wurin da aka faɗi gaskiya a fim ɗin."

Sannan ya dubi 'yarsa.

"Tashi. Ƙasan nan ba a share shi ba."

Ta tashi, tana jiran hukunci. Bai zo ba.

"Yaya labarin ya ƙare?" ya tambayi Ebube.

"Muna kan kashi na biyu, Baba. Saura wuri ɗaya."

"Mu gani."

Wurin na ƙarshe ne. Yarinyar tana tsaye a ƙofar injin, saurayin ya riga ya shiga. Wani tsoho mai sanƙo, kakanta, ya riƙe hannunta. Bakinsa ya motsa kaɗan, sai ya sake ta. Ebube ya riga ya gwada sa masa murya, ya shaƙe maƙoshi yana kakkarwa.

"Wannan kuma me ke nan?" in ji Malam Felix. "Tsoho ne ko akuya mai mura?"

"Ba mu da tsoho, Baba. Ni nake yi."

"An gani. Ina ake tsayawa?"

Ebube ya tashi. Ya buɗe ƙofar ƙaramin ɗakin, ya sa masa abin ji a kunne, ya nuna masa gilashin da zai riƙa hango hoton. Malam Felix ya ƙare wa safar kallo.

"In na ɗaga hannu, sai ka fara, Baba."

Ya ɗaga.

"Ɗiyata, na daɗe ina nazari a kan wannan al'amari, kuma duk da cewa a matsayina na uba ina da dalilan da..."

Ebube ya tsayar da hoton. "Baba, ka yi haƙuri. Ya yi tsawo. Tuni ya rufe baki."

"Tsohon ba shi da ilimi ne?"

"Ba shi da lokaci, Baba."

Aka koma baya. Tsohon ya sake riƙe hannun yarinyar.

"Ban hana ki tafiya don ƙiyayya ba, sai don gidan in babu ke..."

"Ya rufe, Baba."

"Na gani. Ina da ido."

Ya gyara tsayuwa a cikin ɗakin. Ta gilashi Jemimah take hango shi, kafaɗunsa sun kusa taɓa bango biyu, ya riƙe sandarsa a ƙirji don babu wurin ajiyewa. Bai dube ta ba. Tsohon cikin fim yake kallo.

"Mayar," ya ce.

Aka mayar. Bakin tsohon ya buɗe.

"Tafi, 'yata. Ki riƙa zuwa ran Lahadi."

Bakin ya rufe daidai kan kalmar ƙarshe. Tsohon ya saki hannunta.

Ebube bai tsayar da hoton ba, ya manta. Jemimah ta toshe bakinta da tafin hannu biyu.

Malam Felix ya fito, ya miƙa abin jin. "Ya zauna?"

"Ya zauna, Baba."

"To." Ya nufi matakala, ya tsaya. "Asabar ɗin, ku zo da rana. Da yamma ina karatu. Ka gaya wa mahaifiyarka ta zuba man."

*

An ɗaura auren kafin a tura Jemimah bautar ƙasa. Gwaggo Sarah ce ta fi kowa rawa, tana gaya wa mutane tun farko ta ga alamar hankali a yaron. Malam Felix da kansa ya roƙi Fasto a bar Japheth ya jagoranci waƙar shigowar amarya. Ya ce mutum mai gwaji har da safen Alhamis bai kamata a hana shi nuna abin da ya koya ba. Japheth ya yi waƙar, kansa a sunkuye. Wannan karon ba sai da ya gwada ba.

A cikin kayan da aka kai wa amarya Sabon Gari har da tukunyar miyar yakuwa. Silifas ɗin Mama kuwa, Malam Felix ya ɗauke su ya shigar ɗaki. Kalandar dai tana nan. Ya ce hotonta yake so.

Kashi na biyu ya fita, ya karɓu. Amma yaran Samaru ba su bar wurin ƙarshen ba. A shagon masu tura fim suna ta gardama a kansa.

"Wannan tsohon ya rikice. Yarinya za ta shiga inji ta tafi wani zamanin, yana ce mata ta zo ran Lahadi."

"Ta ina za ta zo?"

Malam Felix ya ji su wata Lahadi yana dawowa daga coci.  Ya ƙara sauri, sandarsa tana ƙwanƙwasa kwalta. Ya san Jemimah ba ta riƙe makulli yanzu, kuma ba ta son tsayuwa a rana da tukunya mai zafi.